Shafi goma na Knuth da layi shida na McIlroy

Duk mushen da ya taɓa gyaran kaye na lissafi ya san yaron nan mai rubuta amsa daidai ba tare da ya nuna hanyar da ya bi ba. Bayan sati biyu, in ka fito da shi gaban tablo, shi kansa ba ya iya maimaitawa. Masu rubuta shirin kwamfuta sun daɗe da irin wannan ciwo. Na'ura ba ruwanta da bayani, umarni kawai take jira, amma wanda zai gaji aikin sai ya san dalilin kowane layi. Na ɗanɗana wannan a lakwal ɗinmu, lokacin da aka yi wa wani abokin aiki canjin wuri, ya bar mana fayil mai fitar da matsakaicin makin yara. Fayil ɗin yana aiki, amma da aka sauya nauyin wani darasi, babu wanda ya san inda zai taɓa, sai da muka koma lissafi da hannu.

Donald Knuth, malami a jami'ar Stanford ta Amurka, shi ne ya fara ɗaukar matsalar da gaske. A 1977 ya ga yadda maɗaba'a ta tsara sabon bugu na kundi na biyu na littafinsa The Art of Computer Programming, abin bai yi masa daɗi ba, sai ya zauna ya rubuta manhajar tsara rubutu da kansa, wadda ake kira TeX. Wajen sake rubuta ta ne ya ƙirƙiro wani tsari mai suna WEB, kuma a 1984 ya bayyana shi a wata maƙala mai taken Literate Programming. Sunan WEB bai da alaƙa da yanar gizon da muka sani, domin a lokacin ba a ƙirƙiro ta ba tukuna.

Shawararsa ita ce a juya abin. A rubuta shirin kamar darasi, da jimloli cikakku, bisa jerin da hankalin mutum zai bi, a riƙa saka guntayen umarni a tsakiyar bayanin. Daga fayil guda sai ƴan manhajoji biyu su yi aikinsu. TANGLE tana tsince umarnin ta jera shi yadda harshen Pascal ke so, WEAVE kuma tana fitar da takardar da mutum zai karanta. A 1986 ya buga dukan TeX a matsayin littafi, wanda ake buɗewa a karanta shafi-shafi.

A wannan shekarar ne Jon Bentley, mai fili a mujallar Communications of the ACM, ya ba Knuth aiki don ya nuna hanyarsa: a karanta rubutu, a fitar da kalmomin da suka fi yawan maimaituwa, kowace da adadinta. Knuth ya kawo wajen shafi goma, tsaf, da wata dabarar adana kalmomi mai ban sha'awa. Aka miƙa wa Doug McIlroy na Bell Labs ya yi sharhi. Ya yaba, ya nuna kurakurai, sannan ya warware aikin da umarni shida na Unix: na farko ya raba kalmomi, na biyu ya mai da haruffa ƙanana, a jera, a ƙidaya, a sake jerawa bisa yawa, a yanke na sama. Kowane umarni yana karɓar abin da na baya ya fitar ya miƙa gaba, kamar yadda leburori ke miƙa wa juna bulo.

Mutane na son ba da labarin nan kamar an kayar da Knuth. Ni ban ga haka ba. An ce masa ya nuna hanya ne, ya kuwa nuna. Kuma McIlroy bai iya gano raunin shirin ba sai don an rubuta shi yadda za a karanta. Shi ma da ya kawo layukansa shida, sai da ya bi su ɗaya-ɗaya da bayani.

Amma abin da McIlroy ya nuna yana da dangi a lissafi. Fonksiyon da muke koyarwa a koleji, ka ba ta 3 ta ba ka 9, gobe ma ka ba ta 3 ta ba ka 9, ba ta taɓa komai a gefe. Alonzo Church ya gina tsarin lissafi a kan wannan tun shekarun 1930, John McCarthy ya ɗauko daga ciki ya yi harshen Lisp a 1958, kuma a 1975 aka fitar da Scheme a MIT. Masu wannan ra'ayi suna ganin cewa in aka gina shiri da ƙananan fonksiyoyi irin waɗannan, kowace ana iya fahimtar ta ita kaɗai, bukatar dogon bayani sai ta ragu.

Ta ƙofar baya wannan tunani ya shiga burauza. A 1995 kamfanin Netscape ya ɗauki Brendan Eich da alkawarin zai saka Scheme a cikin burauzarsu. Da ya zo, shugabanni suka ce harshen ya yi kama da Java, wanda ake yayi a lokacin. A kwana goma na watan Mayu ya haɗa abin da ya zama JavaScript. Rigar ta Java ce, amma ya bar abu ɗaya na Scheme a ciki: ana iya miƙa fonksiyo ga wata fonksiyo kamar yadda ake miƙa lamba. Shekaru da dama yawancin masu amfani da harshen ba su kula da wannan ba.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu sosai shi ne a hannun Jeremy Ashkenas. A 2009 ya fitar da Underscore, tarin ƙananan fonksiyoyi na tacewa da sarrafa jeri, waɗanda tsofaffin burauzoji irin Internet Explorer 8 ba su da su. Sannan ya rubuta Docco, wadda ke nuna shiri a shafi mai gida biyu, bayani a hagu, umarni a dama, ya kuma buga Underscore ɗin kansa a haka, har mutane suka riƙa koyon harshen daga karanta shi. A 2013 harshensa CoffeeScript ya samu salon da fayil ɗin duka rubutu ne na mutane, sai layukan da aka tura ciki kaɗai na'ura ke ɗauka. Wannan ba cikakken tsarin Knuth ba ne, tunda bai ba marubuci damar sauya jerin guntaye ba, amma ya fi sauƙin ɗauka.

Daga nan ɓangaren fonksiyo ya yi gaba da gudu. Evan Czaplicki ya fitar da Elm a 2012, Facebook ta saki React a 2013 bisa tunanin cewa abin da ke kan allo sakamako ne na bayanan da aka bayar. Ɓangaren Knuth kuwa bai zama ruwan dare a kamfanoni ba, don gyara bayani duk lokacin da aka gyara umarni aiki biyu ne, kuma ba a biyan kowa kuɗin na biyun. Ya fi samun gindin zama a wajen masu bincike da malamai, a shafukan Jupyter da na Observable, inda rubutu da lissafi da zane ke jere a burauza.

A shekarun farko, kowa na iya danna maɓallin duba tushen shafi ya ga abin da marubuci ya rubuta, da sunayen da ya zaɓa da ƴan bayanansa, kuma da yawa a nan suka koyi sana'ar. Yau ana matse shirin kafin a aiko shi, don ya yi saurin sauka, abin da mu masu sayen megabit kaɗan-kaɗan muke amfana da shi. Na gwada buɗe tushen wani babban shafi don in nuna wa ƴan ajina. Layi ɗaya muka tarar, mai tsawon da ba ya ƙarewa, an cire duk bayani, sunayen fonksiyoyin sun koma a da b da c.