Wuƙar Gaya da macijin Kusugu

A labarin Bayajida akwai wani ɗan zango da ake saurin tsallakewa: kafin ya isa Daura, sai da ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya sare macijin rijiyar Kusugu.

To, shi macijin nan mene ne? Wasu masana na ganin tsohon abin bauta ne, kashe shi kuwa alamar sauyin addini da mulki ce. Sukan kawo misalin Bida, macijin Wagadu na Soninke, da Apollo na Girkawa da ya kashe Python. H. R. Palmer ya ɗauki labarin kusan a zahirinsa: baƙi daga gabas suka kawo sarauta. A 1970 Abdullahi Smith ya ce a'a, daulolin Hausa daga cikin gida suka tsiro.

Kamanceceniya da Girka ba hujja ba ce, maciji dai ko'ina ana tsoronsa. Wuƙar ta fi jan hankali. Abagayawan Kano ma sun ce kakansu maƙeri ne daga Gaya, neman tama ya kai shi Dala. Labarai biyu, gari biyu, duk Gaya suke nunawa in ana zancen ƙarfe.