Shugaban Mutum Goma: Asalin Muƙamin Din a Babbar Majami'a



A taron zumuntarmu na makon jiya a nan Tudun Wada, gardama ta ɗan tashi bayan addu'ar rufewa. Wani ɗan'uwa ya tambaya: idan babbar majami'a ta Bishop ce, mene ne aikin wanda ake kira Din? Wasu suka ce mataimakin Bishop ne. Wasu suka ce lambar girma ce da ake ba limamin da ya daɗe yana hidima. Muka watse ba mu daidaita ba, shi ya sa muka koma ga tarihi.

Kalmar ta samo asali daga harshen Latin, daga kalmarsu ta "goma". A rundunar Romawa, shugaban ƙaramin rukuni na soja goma ake kira da wannan suna. Ƙaramin muƙami ne, kamar mai unguwa a ƙarƙashin hakimi. Ikilisiya ta ara shi ta hannun sufaye. A ƙarni na 6, Benedict, wanda ya kafa gidan sufaye a Monte Cassino ta ƙasar Italiya, ya rubuta ƙa'idodin zaman tare. A babi na 21 ya ce idan jama'ar gida ta yi yawa, a zaɓi waɗanda za su kula da mutum goma-goma. Kada a duba wanda ya riga wani shiga, a duba halin rayuwarsa da hikimar koyarwarsa. Ya kuma ce wanda girman kai ya shige shi a tsawata masa har sau uku, in bai gyara ba a sauke shi. Wanda ya karanta Fitowa sura 18 zai gane tushen: shawarar da Yetro ya ba surukinsa Musa, da ya ga yana gajiyar da kansa da shari'a tun safe har yamma, ta gangaro ne daga shugabannin dubu har zuwa na goma.

Daga gidajen sufaye muƙamin ya shiga manyan majami'u. Abin da ke mai da majami'a "babba" shi ne kujerar Bishop da ke cikinta. Sunan katidiral ma daga kalmar "kujera" ya fito. Girman gini bai shiga lissafi ba. To amma Bishop matafiyi ne. Yau yana wannan ƙauye yana ɗora wa masu tabbatarwa hannu, gobe yana taron majalisa a wani gari. Dole a sami wanda zai zauna a gida: ya tabbatar an yi addu'ar safe da ta yamma, an shirya Jibin Ubangiji, an biya ma'aikata, an gyara rufin da ke yoyo. A manyan majami'un Ingila irin su York da Lincoln da Salisbury, limaman da ke hidima tare suka zama majalisa, shugabansu kuma shi ne Din.

Wasu manyan majami'un, kamar Canterbury da Durham, sufaye ne ke riƙe da su. Da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1540, sai aka sake tsarin. A 1541 Canterbury ta sami Din da majalisarsa, aka naɗa Nicholas Wotton. Har yau akwai al'adar da ke nuna matsayin muƙamin a can. Ranar da za a ɗora sabon Babban Bishop, yakan tsaya a waje ya ƙwanƙwasa ƙofa sau uku da sandarsa kafin a buɗe masa. A 2013 haka Justin Welby ya yi, kuma Din ne ya zaunar da shi a kujerar Augustine. Wannan hoton ya burge mu: babba yana neman izinin shiga, mai tsaron gida yana karɓarsa.

Kada mu ɗauka aikin lissafin kuɗi da makullai ne kaɗai. A 1975 aka naɗa Desmond Tutu Din na majami'ar St Mary a Johannesburg, baƙar fata na farko a wannan kujera. Gidan Din yana unguwar Turawa, shi kuwa ya zaɓi zama a Soweto. A watan Mayu 1976 ya rubuta wa Firayim Minista Vorster wasiƙa yana gargaɗin cewa jini zai zuba in ba a sauya hanya ba. Ba a saurare shi ba. Ranar 16 ga Yuni 'yan sanda suka buɗe wuta a kan 'yan makaranta. A ganinmu, ya hango abin ne domin yana zaune cikin mutanen da yake kiwo.

Mu dawo gida. Dakta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. A 1929 aikin ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, irin ginin magina na Zazzau. A lokacin ba babbar majami'a ba ce, domin babu kujerar Bishop a cikinta. Ko da aka kafa dayosis ta Arewacin Najeriya a 1954, kujerar a Kaduna take. Sai a 1997 Wusasa ta zama dayosis, Ali Buba Lamido ya zama Bishop ɗinta na farko, St Bartholomew kuma ta zama katidiral. Dayosis ta Zariya kuma tana da St George a Sabon Gari, wadda a 2019 aka ba ta takardar tashi saboda faɗaɗa kasuwa, kafin gwamnati ta janye. Waɗanda suka ji tashin hankalin kwanakin nan sun san babbar majami'a gida ce mai bukatar a tsaya mata.

Abu biyu ne ke rikita mu a ƙasar nan. Na farko, sunan ba ɗaya ba ne ko'ina. A babbar majami'ar Marina ta Legas, Furobos ake kiran mai wannan aiki. A wasu dayosis na Afirka kuwa Bishop ne ke riƙe sunan Din da kansa, sai ya naɗa limami ya kula da hidimar kullum. Na biyu, akwai Din na Ikilisiyar Anglikan ta Najeriya baki ɗaya, wanda Babban Bishop ne mai bin shugaban ikilisiyar a matsayi. Baba Lamido na Wusasa ya riƙe wannan. Suna ɗaya ne, aiki dabam, kuma daga nan ne ɗan'uwan da ya ce "mataimaki" ya sami rabin gaskiyarsa.

Wanda ya ce lambar girma ce kuwa, ba mu sama masa madogara a wajen Benedict ba. Mun ma ji kunya kaɗan, domin a zaɓen shugabannin zumuntarmu da ya wuce, abin da muka fi dubawa shi ne wanda ya riga wani shiga ƙungiya. Rukunonin nazarin Littafi Mai Tsarki da muke da su ba su wuce mutum goma-goma ba, kuma biyu daga cikinsu har yanzu ba su da jagora. Za mu ɗauki batun a taron Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu. Kowa ya karanto Fitowa 18 kafin ya zo.