Damammen Makamashi: Tarihin Cakuɗa Kwal da Mai da Ruwa

Damammen makamashi shi ne garin kwal, wato gawayin ƙasa, da aka niƙa ya yi laushi sannan aka dama shi da baƙin mai ko ruwa, domin a iya tura shi ta bututu a fesa shi cikin tanderu kamar yadda ake yi da mai. Marubuta sun saɓa kan mafarinsa, domin wasu suna farawa da takardar mallakar fasaha da aka bayar a Amurka a 1879, wasu kuwa da rikicin mai na 1973. Abin da ya fi tabbata shi ne gwajin da aka yi a jirgin ruwan sojan Amurka mai suna Gem a 1918, da wanda kamfanin Cunard na Ingila ya yi a jirginsa Scythia a 1932, inda aka ƙona cakuɗen kwal da mai.

Matsalar da ta dabaibaye waɗannan gwaje-gwaje ita ce kwantawa, domin kwal ya fi mai da ruwa nauyi, kuma idan aka bar damun a tanki sai garin ya sauka ƙasa ya daskare, kamar gasarar da aka bari ta kwana. Lissafin da George Stokes ya fitar a 1851 ya nuna cewa ƙwayar gari tana saurin nutsewa gwargwadon girmanta, tana kuma jinkiri gwargwadon kaurin ruwan, sai dai ƙara kauri yana wahalar da famfo, don haka maganin wata matsalar ke haifar da ɗayar.

Tsadar mai bayan 1973 ce ta sa aka duƙufa kan damun kwal da ruwa, har aka daidaita kan kwal kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, da sinadarai kimanin kashi 1, sauran kuma ruwa. Masu bincike sun gano cewa haɗa gari mai tsakitsaki da mai laushi yana sa ƙananan ƙwayoyi su cike gurabun da ke tsakanin manya, ta yadda za a ƙara kwal ba tare da damun ya toshe bututu ba. Ana zuba sinadari mai hana ƙwayoyi dunƙulewa, da wani mai danƙo wanda ke riƙe su, domin damun ya tsaya da kauri a tanki amma ya saki idan aka motsa shi. Kwal maras ƙarfi yana shan ruwa da yawa, saboda haka ake cakuɗa shi da gawayin da ke saura a matatar mai, wanda ba ya shan ruwa.

Manyan ayyukan ba su daɗe ba. Bututun damun kwal daga Belobo zuwa Nobosibirsk a Rasha, mai tsawon kilomita 262, ya yi aiki daga 1989 zuwa 1993, kuma Benezuwela ta daina samar da Orimulsion, damun kwalta kashi 70 da ruwa kashi 30, a 2006. Ƙasar Sin ce ta ci gaba da amfani da damun kwal sosai, musamman wajen mayar da shi iskar gas.

A Najeriya an gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, amma a da masaƙun Kaduna da Kano sun dogara ne da baƙin mai, wanda matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta riƙa samarwa, yayin da kwal ɗin Maiganga a Gombe da na Anu Araren a Nijar ake ƙona su a bushe.