Karatun zane da girafik a jami'a: abin da ɗan zango ya kamata ya sani kafin ya cike fom ɗin JAMB

Duk wanda ya taɓa bi ta Mokola a Ibadan, kusa da Sabo, ko ya shiga Shomolu a Legas, ya ga yadda shagunan firintin suka cika layi. Katin biki, fostar 'yan siyasa, kalandar ƙungiya, tambarin da ake mannawa a robar ruwa, duk wani ne ya zauna a gaban kwamfuta ya tsara su kafin inji ya buga. Wannan aikin shi ake kira girafik, kuma fanni ne da ake karantawa har digiri, ko da yake yawancin masu shagunan a hannun oga suka koya.

A jami'a ba kasafai za ka ga sashe mai suna girafik kaɗai ba. Yana zuwa ne a ƙarƙashin Fine and Applied Arts, kamar a Nsukka, Ile-Ife da Benin, ko Creative Arts a Jami'ar Legas, ko Industrial Design a ABU Zariya da FUTA ta Akure. Shekarun farko kowa yana taɓa komai: zanen fensir, fenti, sassaƙa, ginin tukwane, zanen yadi, da tarihin zane. Sai an yi nisa mutum ke zaɓar ɓangarensa. Digiri shekara 4 ne a mafi yawan wurare, a jami'o'in fasaha irin FUTA kuma 5. Wanda ya fi son aikin hannu da wuri yana iya bi ta poli, musamman Yabatech da aka kafa a 1947, ya yi ND shekara 2, ya fita aikin koyo shekara 1, ya dawo HND, ko ya shiga jami'a ta Direct Entry daga aji biyu.

Maganar shiga kuwa, kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, sannan JAMB. A nan yaranmu ke tuntuɓe, domin haɗin darussan ya bambanta: wata makarantar tana son darasin zane, wata kuma irin FUTA darussan kimiyya take nema. Ka duba kundin JAMB na shekarar da kanka, kar ka bar wa mai kafe ya zaɓa maka.

Abin da zai ba mutum mamaki, tushen wannan karatu a Najeriya yana da alaƙa da Arewa sosai. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama ABU a 1962, suka kafa ƙungiyar da ake kira Zaria Art Society. Cikinsu akwai Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Sun ce ba za su tsaya kan kwaikwayon zanen Turawa ba, sai sun haɗa da na gida. Grillo ya daɗe yana koyarwa a Yabatech, Okeke kuma ya tafi Nsukka. Wato manyan makarantun Kudu da yawa daga Zariya suka ɗebo malamai.

To, tambayar da Alhaji zai fara yi ita ce: zanen mutane fa? Gaskiyar magana, zanen jikin mutum yana cikin manhaja a shekarun farko, haka sassaƙa, kuma ba a tsallake su don mutum ya ce girafik ya zo yi. Gara a san wannan tun a gida, a tambayi malamin da aka yarda da shi, da a biya kuɗin makaranta sannan rigima ta taso a zango na biyu. Bayan an wuce nan, aikin girafik yawanci haruffa ne, launi, tambari da tsarin shafi.

Kuɗin makaranta ba shi ne ke karya ɗalibi ba, kayan aiki ne. Takarda, fenti, burushi, buga aikin da za a miƙa wa malami kusan kowane mako, ga laftof mai ƙarfin ɗaukar CorelDRAW, Photoshop da Illustrator. Tsohuwar laftof mai arha za ta riƙa tsayawa ana tsakiyar aiki. Ni a ganina wanda zai sayar wa ɗansa sa don wannan karatu, laftof ɗin ya kamata ya fara saya. Akwai kuma bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 ga makarantun gwamnati.

Wani abu da aji ba ya koyarwa sosai shi ne halin inji. Launin da ke kan allon kwamfuta RGB ne, injin buga takarda kuma da CMYK yake aiki, shi ya sa shuɗi mai haske yakan fito a dushe idan ba a canza ba. Irin wannan a lokacin SIWES ake koyonsa, don haka a nemi shagon da ke buga aiki da gaske, ba ofis da za a aike ka sayen abinci ba.

Kasuwa ta canza, yanzu kowa na haɗa fosta da Canva a waya. Amma ɗan zango yana da abin da ɗan gari bai da shi: yana rubuta Hausa daidai da ƙ, ɗ da ɓ, yana karanta ajami, yana jin Yarbanci ko Ibo. Duba allunan ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Mile 12 ko Kara, ka ƙirga kurakuran Hausar da ke jiki, duk kuɗi aka biya aka buga su.