Tarihin Ƙananan Motocin Tsere Masu Rediyo: Kuloci da Sifirin

Na san wani daga cikin 'yan'uwa ɗalibai zai ce me ya haɗa mujallar adabi da abin wasan yara. Amsata ita ce, duk sana'ar da mutane suka shafe shekara hamsin suna gardama a kanta ta cancanci a rubuta tarihinta. Motocin da nake nufi su ne waɗanda ake sarrafawa daga nesa da na'urar rediyo, kuma manya ne ke tseren su, har da gasar duniya. Abin da zan bi diddiginsa shi ne abu biyu da suka fi wahalar da masu wannan sana'a, watau kuloci da kuma sifirin da shokozoba.

Tun kafin rediyo ta shigo, a shekarun 1930 da 1940, Amurkawa suna tseren ƙananan motoci masu inji. Sai dai a kan ɗaure motar ne da waya a jikin turke, ta yi ta kewayawa. Irin wannan ba ta bukatar sitiyari, balle a yi zancen kwana. A 1966 wani kamfanin Italiya mai suna El-Gi ya fitar da ƙaramar Ferrari mai rediyo. A 1967 aka kafa ƙungiyar ROAR a Amurka, a 1973 Turai ta kafa tata, EFRA. Gasar duniya ta farko an yi ta a Pomona ta jihar Kalifoniya a 1977, sa'an nan aka kafa IFMAR, uwar ƙungiyoyin, a 1979.

Motocin farkon nan, masu girman kashi ɗaya cikin takwas na babbar mota, ba su da sifirin ko ɗaya. Faranti ne kawai na alminiyam ko na zaren gilashi, a ɗora inji a baya, a sa tayoyin soso. Lanƙwasar farantin da taushin soso su ne ke shanye gargada. Saboda haka gwanin wancan zamani shi ne wanda ya san irin farantin da zai zaɓa, da taurin tayar da zai sa. A kan kwalta mai santsi abin ya yi. Amma mai karatu ya lura da wannan lissafi: tsakuwa mai tsawon santimita 2, a wurin irin wannan mota daidai take da dutse mai santimita 16 a gaban babbar mota. Da ta taka sai ta yi tsalle, tayar da ke sama kuwa ba ta juya mota, ba ta kuma tsayar da ita.

Canji ya zo ne ta hannun motocin jeji. A 1979 kamfanin Tamiya na Japan ya fito da Rough Rider da Sand Scorcher, masu lantarki, kowace ƙafa da motsinta. Kyosho ya biyo baya da Scorpion a 1982. Amma a ganina shekarar da ta raba gardama ita ce 1984, lokacin da Associated na Kalifoniya ya fitar da RC10. An ƙera ta ne musamman don tsere, da shokozoba huɗu na alminiyam cike da mai, kuma kusan kowace gaɓa tata ana iya daidaita ta. Jay Halsey ya ci ɗaya daga cikin kambun gasar duniya ta 1985 da ita a Del Mar. Daga nan direba ya zama tilas ya zama bakanike.

To, me ake daidaitawa? Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, man cikin shokozoba kuwa shi ke hana sifirin yin rawa bayan an taka gargada. A ciki akwai ɗan faifai mai ƙananan huda wanda mai ke ratsawa. In man ya yi kauri, ko hudar ta yi ƙanƙanta, mota ta kan sauka daga tsalle lafiya, amma ta yi ta ɓarin jiki a kan ƙananan ramuka. In ya yi ruwa-ruwa, sai ta bi ramukan sumul, ta kuma buga cikinta da ƙasa wajen sauka. Babu gyaran da ke ba ka duka biyun. Da farko man inji ake zubawa, wanda kan tsinke da rana ya daskare da sanyin safiya. Shi ya sa aka koma man silikon, wanda zafi bai cika canza shi sosai ba. Akwai kuma ƙa'idar da kowa ya yarda da ita: gefen da aka sassauta, gaba ko baya, shi ya fi riƙe ƙasa. Motar da ke ƙin shiga kwana, a sassauta mata gaba.

Zancen kuloci ya fi ba ni sha'awa, domin direba ba shi da ƙafa a cikin motar da zai taka shi. Injin irin waɗannan motoci bai wuce sisi 3.5 ba, yana shan metanol da aka gauraya da naitiro da mai, yana kuma juyawa fiye da sau 30,000 a minti. Sai dai ba shi da wani ƙarfi in yana tafiya a hankali. Don haka aka ɗauki dabarar kuloci mai kama kansa, dangin wanda ke jikin babur ɗin Honda Super Cub tun 1958, wanda ba shi da hannun kuloci. Takalma biyu ko uku ne a jikin faifan inji, kowane da ɗan sifirin da ke riƙe shi. In aka ba da wuta, juyawar ta kan wurga su waje, su kama wani ƙoƙon ƙarfe mai haƙora, shi kuma ya tura giya.

Duk rigimar a kan lokacin kamawar take. Sifirin mai tauri ya kan jinkirta ta har inji ya kai inda ƙarfinsa yake, mota ta zabura kamar an tsikare ta. A ƙasa mai santsi wannan zabura asara ce, tayoyi su yi ta tonon ƙura a wuri ɗaya, kuloci kuma ya yi zafi. Mai taushi ya kan kama da wuri, inji ya shaƙe. Kaurin wayar sifirin da aka saba da shi a motocin jeji shi ne milimita 0.9, ko 1.0, ko 1.1. Dubi ƙanƙantar bambancin! Takalmin alminiyam ya kan cafka da ƙarfi, na kabon kuwa a hankali, har wasu kan gauraya su a kuloci ɗaya. A shekarun 1990 kamfanin Serpent na Holan ya yaɗa kulocin Centax a motocin kwalta, wanda ke tura takalmi guda gaba cikin ƙoƙon, ana kuma auna ratar da ke tsakaninsu da ɓangarorin milimita.

Motocin lantarki ba su bukatar wannan duka, tun da motarsu na ba da ƙarfi daga juyin farko. Abin da suka samu, wajen 1990, shi ne kuloci mai zamewa, wanda ke sakin giya kaɗan in ƙarfi ya yi yawa, don kada haƙora su karye. Bayan shekara ta 2000, da batirin litiyam da sabbin motocin lantarki marasa burushi suka yawaita, 'yan tsere da dama suka ajiye injin mai, suka ajiye filayar da suke ɗaura sifirin kuloci da ita.