'Yan Kwana-kwanan da Ke Dira da Laima

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya tashi a ƙasar Zuru ya san ɓarnar wutar daji da hunturu. Maharbi ya cinna wa ciyawa wuta saboda gafiya ɗaya, kafin a ankara dammunan dawar wani sun zama toka. Shi ya sa na ga ya dace in gutsuro muku tarihin wasu 'yan kwana-kwana na Amurka, waɗanda ke dirowa daga jirgin sama da laima cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga.

An fara wannan aiki ranar 12 ga Yuli, 1940, lokacin da Rufus Robinson da Earl Cooley suka dira a wani daji na Jihar Idaho. Makamansu gatari da shebur ne. Sukan share layi a gaban wuta har sai ƙasa ta bayyana, in ta iso ta rasa abin ci.

Ranar 5 ga Agusta, 1949, mutum 15 suka sauka a kwarin Mann Gulch da ke Jihar Montana, suka haɗu da wani mai gadin daji. Iska ta taso, wuta ta tare musu hanya, ta bi su kan tudu cikin busasshiyar ciyawa. Shugabansu, Wagner Dodge, ya ga gudu ba zai fisshe su ba. Sai ya ƙyasta ashana ya ƙone ciyawar da ke gabansa, ya kira yaransa su zo su kwanta cikin tokar. Da yake ba a taɓa koya musu haka ba, ba wanda ya bi shi. Dodge ya tsira, biyu suka kuɓuta ta tsagin dutse, 13 suka rasu. Bayan wannan rashi aka gyara horon da ake ba su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, iyayenmu manoma sun daɗe da sanin tushen dabarar Dodge. Bayan girbi sukan share kewayen dawa, su ƙone ciyawar gefe tun da sauran danshi, domin wuta ba ta cin inda ta riga ta ci. To, yaranmu nawa ne suka san wannan yanzu? Ina roƙon ƙungiyarmu, kafin hunturu mai zuwa, ta gayyato dattawan manoma su nuna wa ɗalibai yadda ake yi. Allah Ya kiyaye mu da gobara, amin.