Ƙwallo Biyu a Roma, Wasa Huɗu a Glasgow: Nazarin Ma'aunin Ɗan Wasan Gaba Mai Tasowa daga Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun Umar Sadiq, ɗan wasan gaba haifaffen Kaduna, daga 2013 zuwa 2022, domin gwada ingancin ma'aunin da aka saba auna matasan 'yan gaba da shi, wato yawan ƙwallayen da suka ci da girman jikinsu. An aro wasu dabarun awo daga wasan hokin ƙanƙara na Kanada da Amurka, inda tantance matashi ɗan shekara 18 ya daɗe da zama sana'a mai ƙa'ida. Nazarin ya nuna cewa yabon da Sadiq ya sha a Roma da kushen da ya sha a Glasgow duk a kan mintoci kaɗan aka gina su, kuma salon wasansa bai fito fili ba sai da ya jera kaka uku ana farawa da shi. An kuma duba abin da hakan ke nufi ga masu horar da yara a Gonin Gora da maƙwabtanta.

Gabatarwa

Gonin Gora tana bakin hanyar Abuja ne, a ƙaramar hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna. Tana cikin unguwannin da suka cika suka batse bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, lokacin da mazauna birnin suka yi ta sauya matsuguni. Yawan jama'a ya kawo yawan yara, yaran kuma, kamar takwarorinsu na Unguwar Romi da Sabon Tasha da Kakuri, filin makaranta da duk wani fegi da ba a gina ba shi ne wurin tamaularsu. A irin waɗannan filaye ake fara cewa wane lamba tara ne, wane kuwa ya koma baya. Hukunci ne da koci yake yankewa da ido, sau da yawa a yammaci guda, kuma yakan bi yaro har girmansa.

Kaduna ba baƙuwa ba ce wajen fitar da 'yan gaba. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ya tafi Club Brugge a 1990, Tijjani Babangida ya kai Ajax, dukansu kuma suna cikin tawagar Nijeriya da ta ɗauko zinaren Olamfik a Atlanta a 1996. Sai dai irin waɗannan sunaye su ne suka ƙarfafa imanin cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tambayar wannan maƙala ita ce ko hakan gaskiya ne ga ɗan wasan gaba mai shekara 17 zuwa 22, musamman dogo mai jiki.

Hanyar Bincike

An ɗauki ɗan wasa ɗaya aka bi tarihin wasanninsa da ke rubuce, ƙungiya bayan ƙungiya, ana tambayar abu uku a kowane zango: wasa nawa ya samu, wane aiki aka ba shi a fili, kuma wane hukunci aka yanke masa. An zaɓi Sadiq ne don a titunan Kaduna ya fara, kuma don da wuya a sami ɗan wasan da aka yi ta juya ra'ayi a kansa kamar shi.

Dalilin waiwayar hokin ƙanƙara, wasan da ba a yinsa a ƙasar Hausa, shi ne tsarin ɗaukar 'yan wasansa. Kowace shekara ƙungiyoyin babbar gasar hokin, wato NHL, suna zaɓen matasa 'yan shekara 18 bi da bi, kuma tun 1975 gasar take da ofishi na musamman mai jera sunayen matasan gwargwadon cancanta. Zaɓen da ya ɓaci asarar shekaru ce ga ƙungiya, shi ya sa suka zurfafa a kan awo. Alaƙarmu da wasan ma ba ta yanke gaba ɗaya ba: Rumun Ndur, haifaffen Nijeriya na farko da ya buga NHL, a Zariya aka haife shi a 1975, ko da yake ɗan baya ne kuma a Kanada ya tashi.

Abin da Hokin Ƙanƙara ya Koyar

Abu na farko shi ne lokaci. A hoki ana canja 'yan wasa kusan kowace daƙiƙa 45, ana kuma rubuta lokacin da kowa ya yi a kan ƙanƙara. Saboda haka manazarta ba sa tsayawa ga cewa wane ya ci goma. Sukan raba abin da ya ci da mintocin da ya samu, su duba su wa aka haɗa shi da su. Suna kuma ba da maki ga mutum biyu da suka taɓa ƙwallo kafin a ci, don haka mai shirya ci ba ya ɓacewa a lissafi.

Na biyu shi ne watan haihuwa. A 1985 Roger Barnsley da abokan aikinsa suka nuna cewa a manyan gasannin matasa na Kanada kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan wasa a watanni uku na farkon shekara aka haife su, na watanni ukun ƙarshe kuwa kusan kashi 10 ne kawai. Ba baiwa ce ta taru a Janairu ba. Ana raba yara rukuni-rukuni ne daga 1 ga Janairu, sai wanda ya girmi ɗan'uwansa da wata goma sha ɗaya ya fi shi tsawo da ƙarfi, koci ya ɗauka ya fi shi iyawa, ya ba shi ƙarin horo, har bambancin ya zama na gaske.

Na uku ya fi shafar batunmu. Masu farautar 'yan wasan hoki sun daɗe da lura cewa ɗan gaba mai ƙarfin jiki yakan makara kafin ya nuna. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, an zaɓe shi na 11 a 1995. Ya ci 21 a kakarsa ta farko da Calgary, ya sauko 13 a ta biyu, sannan a kakar 2001 zuwa 2002, yana da shekara 24, ya ci 52 ya wuce kowa a gasar. Ya yi ritaya da ƙwallo 625. Duk da wannan tsari ana yin kuskure: Alexandre Daigle da aka zaɓa na ɗaya a 1993 bai cika burin da aka ɗora masa ba, Pavel Datsyuk kuwa na 171 aka zaɓe shi a 1998 ya zama gwarzo a Detroit.

Zangon Sadiq

An haifi Umar Sadiq a Kaduna ranar 2 ga Fabrairun 1997. Daga ƙungiyar unguwa ya kai Football College Abuja, wadda ta je gasar matasa a Kuroshiya a 2013, daga nan Spezia ta Italiya ta ɗauke shi. A 2015 Roma ta karɓe shi aro. Ranar 20 ga Disamba ya shigo daga benci ya ci Genoa da ka, ranar 6 ga Janairun 2016 ya sake ci a gidan Chievo. Jaridu suka ɗauka. A Agustan shekarar ya ci huɗu a gasar Olamfik ta Riyo ƙarƙashin koci Samson Siasia, ciki har da biyu a wasan da aka doke Honduras da ci 3 da 2, wanda ya ba Nijeriya lambar tagulla, lambarta ɗaya tilo a gasar.

Idan aka sa ma'aunin hoki a nan, abin da zai fara bayyana shi ne ƙarancin shaida. Wasa shida kacal ya yi wa Roma a gasar Italiya a kakar 2015 zuwa 2016, yawancinsu daga benci. Ƙwallo biyu a irin wannan lokaci suna nuna yaro ba ya tsoron babban fili, amma ba su isa a ce ya nuna ba. Roma ta saye shi, sannan ta shiga ba da shi aro: Bologna, inda rauni ya cinye masa kaka bai ci ba, Torino, inda ya yi rabin kaka a benci, NAC Breda ta Holan, inda ya ɗan sami wasa ya ci biyar cikin 'yan watanni.

Glasgow ce ta fi muni. Rangers ta koci Steven Gerrard ta karɓe shi a bazarar 2018, ya yi wasa huɗu kawai. Wanda aka fi tunawa shi ne na kusa da ƙarshe a kofin lig da Aberdeen, ranar 28 ga Oktoba, da aka fara da shi don an dakatar da Alfredo Morelos. Ana daf da tashi ya faɗi a da'irar mai tsaron gida, alƙali ya ba shi katin gargaɗi kan faɗuwar ƙarya, Rangers ta fita da ci ɗaya da nema. Kafin shekara ta ƙare an soke aron. Mai nazari ya kamata ya lura cewa ɗan shekara 21 ne da ya shafe watanni ba a farawa da shi, aka jefa shi babban wasa a filin Hampden, aka kuma ce ya tsaya shi kaɗai a gaba ya tare dogayen ƙwallaye. Wanda ya kira shi tauraro a Janairun 2016 da wanda ya ce ba shi da amfani a Oktoban 2018 kuskure ɗaya suka yi.

Bayan ɗan zama a Perugia ya koma Partizan ta Belgrade a Yulin 2019, a nan ne karo na farko da wata ƙungiya ta riƙa farawa da shi mako bayan mako. Ya ci sama da 20 kafin Almería ta saye shi a Oktoban 2020. A rukuni na biyu na gasar Sifen ya ci 20 a kakar farko, 18 a ta biyu, ƙungiyar ta hau rukunin farko a matsayin zakara. A Janairun 2022 ya ci wa Super Eagles a Garwa a wasan Gini Bisau. Ranar 1 ga Satumba Real Sociedad ta biya Yuro miliyan 20 don ya maye gurbin Alexander Isak, ya ci Atlético Madrid a wasansa na farko, sannan jijiyar gwiwarsa ta tsinke a gidan Getafe kafin ya cika mako biyu.

Salon Wasa

Tsawonsa mita 1.92, kuma a ganin wannan maƙala tsawon ne ya fi ruɗar masu horar da shi. Duk wanda ya ga dogo sai ya zaci mai tsayawa ne ya juya wa raga baya, ya karɓi ƙwallo da ƙirji ya ajiye wa na bayansa. Sadiq na Belgrade da Almería ba haka yake ba. Yana son fili a gabansa, yana zamewa gefe ya ja ɗan baya, yana yanka da dogayen ƙafafunsa ta hanyar da ke da wuyar karantawa, yana kuma miƙa wa abokin wasa ya ci. Ga mai kallo tafiyarsa kamar zai tuntsure, alhali sau da yawa ƙwallon tana nan a ƙafarsa. Aibinsa ma daga nan yake: yakan afka satar gida, yakan ɓarar da mai sauƙi ya ci mai wuya, kuma idan ƙungiya mai riƙe ƙwallo ce da gajerun bugu a ƙuntataccen wuri, amfaninsa yakan ragu. Almería ta koci Rubi, mai kai farmaki da sauri, ta dace da shi fiye da yadda Rangers ta taɓa yi.

Ba shi kaɗai ba ne. Victor Osimhen ya ci 10 a kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, ya je Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba, sai da Charleroi ta ba shi wasa a 2018 ya farfaɗo. Macauley Chrisantus kuwa, da ya fi kowa ci a irin wannan gasa a 2007, ya tafi Hamburg bai kafu ba. Gasar mako uku ba ta bambance su biyun ba.

Tattaunawa

Kocin Gonin Gora ba shi da na'urar ɗaukar hoto ko ofishin ƙididdiga, amma matsalarsa ta fi ta Barnsley girma. A Kanada tazarar da ke ruɗar ido ba ta wuce wata goma sha ɗaya. A gasar unguwa, inda ba kowane yaro ke da takardar haihuwa ba, tazarar kan kai shekara biyu ko uku a rukuni ɗaya. Hukumar FIFA ma sai da ta koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun 'yan wasa a 2009, shekarar da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 17, har aka buga wasu wasanni a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Yaron da ke ture kowa ya ci uku yana iya zama ya riga sa'o'insa balaga ne kawai, ranar da suka kamo shi kuma babu abin da ya rage masa, don ba a taɓa tilasta masa koyon gudu ba tare da ƙwallo ba.

Abin da za a iya ɗauka daga hoki bai fi ƙarfin littafin rubutu da biro ba. A rubuta mintocin da kowane yaro ya buga, da wurin da aka sa shi, da wanda ya ba da ƙwallon da aka ci, da wanda ya ba shi. A riƙa auna tsawon yara duk bayan wata uku, domin wanda yake cikin tsiron tsawo yakan rikice da ƙafafunsa na ɗan lokaci, kuma a daidai wannan lokaci ne ake yawan mayar da dogaye baya ko raga. Kada a yanke wa ɗan gaba hukunci sai ya jera kaka guda ana farawa da shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuya, domin gasannin unguwa na lokacin Kirsimeti da Sallah galibi na sili-ɗaya-ƙwale ne, kocin da aka cire a zagayen farko ba shi da wasa na biyu da zai gwada kowa. Gasar lig ta ƙananan hukumomi, mai wasa kowane mako tsakanin Gonin Gora da Romi da Sabon Tasha da Kakau, ita ce za ta samar da mintocin da awon yake buƙata, kuma shirya ta aiki ne na hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da ƙaramar hukumar Chikun.